Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ali Nuhu: Turawa Sun Tsinci Nasu A Jos, Ina Namu?

Zuwa ga Malam Ali Nuhu,
Shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya,
Jos, Jihar Filato.



Ina roƙon Allah ya taya ka riƙon kujerar da aka ɗora ka a kai tun watan Janairun 2024. Ni malamin firamare ne a Kuki, cikin ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, na kusa ajiye alli. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma fuskarka ta daɗe a ɗakunanmu tun zamanin Sangaya da Wasila, don haka zan yi maka magana kai tsaye kamar yadda ake yi wa na gida.

Wata gardamar yara ce ta sa na ɗauki alƙalami. A hutun da ya wuce, ɗan ƙanena da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya zo gida da abokansa biyu. Bayan la'asar suka baje tabarma a ƙofar gida, waya ɗaya a tsakaninsu, murya na tashi kamar ana rabon gado. Na matsa in ji ko lafiya. Ashe a kan wani wasan talabijin ne na Ingila mai suna Doctor Who, labarin wani baƙo daga wata duniya da ke shiga wani shuɗin akwati mai kama da rumfar 'yan sanda, ya ja ƙofa, in ya buɗe sai ya tsinci kansa shekara dubu a baya ko shekara dubu a gaba. BBC ta fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba 1963, ta jingine shi a 1989, sannan ta farfaɗo da shi a 2005, kuma tun daga lokacin masu kallonsa ba su daina musu ba a kan ko sabon ya kama ƙafar tsohon.

Ɗaya daga cikin yaran ya ce an ɓata wasan, tun da kamfanin Disney ya zuba kuɗi a ciki ƙyale-ƙyale ya cinye labari. Na biyun ya ce shi kam bai taɓa jin daɗinsa ba kamar yanzu, domin Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, shi ne baƙar fata na farko da ya ja ragamar wasan, kuma ganin mai irin fatarsa riƙe da makullin akwatin nan ya yi masa wani abu a zuciya. Ɗan ƙanen nawa ya ce dukkansu ba su san wasan ba, na ainihi shi ne na zamanin baƙi da fari. Bai tsaya dogon bayani ba, ya latsa wayar ya kawo wani kashi da aka ɗauka a 1967. Nan take bakuna suka mutu, kawuna uku suka haɗu a kan gilashi ɗaya. Da aka gama kowa ya koma kan bakansa, amma yanzu da hujja a hannu: wannan ya ce dubi yadda suke jan magana, wancan ya ce dubi yadda tsoro ke kama mutum ba tare da an nuna masa komai ba.

Sai na tsoma baki. Na ce duk wannan abin da kuke zuzutawa, da kun ga Samanja Mazan Fama a lokacin da yake tashe, ko Karkuzu na Bodara, ko Kasimu Yero a Karambana, da ba ku waiwayi na Turawa ba. Ɗan ƙanen nawa ya ɗago kai cikin ladabi ya ce, "Baba, to nuna mana."

Ranka ya daɗe, ban sami abin nunawa ba. Muka bincika a wayar har magariba ta kawo jiki. Abin da muka samu guntaye ne, hoto dishi-dishi, murya na shaƙewa, ba farko ba ƙarshe, ba a san shekarar da aka ɗauka ba, ba a san wa ya rubuta ba. Yaran suka yi dariya a wuri ɗaya ko biyu don kada in ji kunya. Na sani sarai ba su ga abin da na gani ba lokacin da muke takawa zuwa Dutsin-Ma muna cika tsakar gidan wani kawunmu, akwatin talabijin na jone da batirin mota, manya a kan kujera, mu a ƙasa, Samanja na tsawa da Hausar barikin soja muna birgima don dariya.

Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne maganar da yaron ya ƙara da ita. Ya ce, "Baba, ka san wannan da muka kalla yanzu a Jos aka tsinto shi?"

Na ɗauka wasa yake, ashe gaskiya ne, kuma na tabbata ka san labarin fiye da ni tunda a garin ofishinka ya faru. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge kaset ɗin shirye-shiryenta tana sake ɗaukar wasu a kansu, saboda kaset na da tsada, wurin ajiya ya yi kaɗan, kuma ba wanda ya zaci za a sake neman tsohon wasa. Sai wajen 1978 suka farga suka daina. Kafin nan ɓarna ta riga ta auku, kashi fiye da ɗari na Doctor Who sun salwanta. Abin da ya cece su shi ne sun kasance suna kwafe wasan a faifan fim suna sayar wa tashoshin ƙasashen waje, wannan tasha ta gama ta miƙa wa waccan, har wasu faifan suka ƙare a Nijeriya. Wani Bature mai suna Philip Morris ya ɗauki jaka yana bin tashoshin Afirka ɗaki-ɗaki, har ya iso wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos, ya ga gwangwanayen fim a kan kanta da sunan wasan a jikinsu. A watan Oktoban 2013 BBC ta sanar da duniya cewa an samo kashi tara da aka fitar da rai da su, daga labarai biyu, The Enemy of the World da The Web of Fear, waɗanda Patrick Troughton ya fito a ciki tsakanin 1967 da 1968. Adadin ɓatattun ya sauko daga 106 zuwa 97. Aka wanke su, aka gyara, aka sayar wa masu kallo. The Enemy of the World ma, abin sha'awa, labarinsa a shekarar 2018 yake faruwa, wato mutanen 1967 ne ke hasashen zamanin da mu muka riga muka wuce.

Kusan shekara arba'in Jos tana riƙe wa Ingila amanar da Ingila da kanta ta kasa riƙewa. Wannan abin alfahari ne, ban musa ba. Amma ka duba ɗaya gefen. Mutum ya taso daga wata nahiya don neman wasan ƙasarsu, ya sha rana da ƙura har ya samu. A wannan garin na Jos aka riƙa ɗaukar Karkuzu. Wa ya taɓa bin kantocin yana neman gwangwani ko kaset mai sunansa?

Ni na taɓa gwadawa sau ɗaya. Shekarun baya wata hidima ta kai ni birni, na ratsa wani gidan talabijin, ba zan kama suna ba, na nemi a kwafe mini ko da kashi biyu na wani tsohon wasa in nuna wa ɗalibaina. Wani dattijon ma'aikaci ya ja ni wani ɗaki a baya. Rufin ya taɓa yoyo, kaset ɗin na jibge a ƙasa kamar bulo, wasu takardun jikinsu sun goge, wasu gara ta ci kwalinsu. Ya ce wanda nake nema an daɗe da ɗaukar wani taro a kansa, waɗanda suka rage kuma injin da ke karanta su ya mutu, mai gyaransa ya yi ritaya. Idonsa ya kawo ruwa yana faɗa, don da hannunsa aka ɗauki wasu daga ciki. Ban zarge shi ba, ban ma zargi waɗanda suka goge ba; talaucin kayan aiki ne irin wanda ya sa BBC ta yi nata. Bambancin kawai su sun farga tun 1978.

Kuma ai mun ga abin da farga ke haifarwa a cikin hukumar da kake shugabanta. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓace. A 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumarku, cibiyar Arsenal ta Jamus ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ga Ma'ajiyar Fina-finai da Sauti ta Ƙasa nan a Jos ƙarƙashinka, ga Cibiyar Koyar da Fim, ga kuma karatun digiri na biyu a kan adana fina-finai da Jami'ar Jos ke yi, jami'ar da kai ma ka yi karatu a cikinta. Wato ma'aji akwai, masu koyon aikin akwai. Abin da ya rage shi ne a fita nema.

Bari in koma kan gardamar yaran, don a nan maganar ta shafe ka a matsayinka na mai sana'a kafin ka zama shugaba. Mai kallo ba ya fushi da abin da bai damu da shi ba. Duk hayaniyar da ake yi idan an farfaɗo da tsohon wasa ƙauna ce ta juye ta zama kishi. A gidana na gani lokacin da Fati Washa ta maye gurbin Nafisa Abdullahi a matsayin Sumayya cikin Labarina: uwargida ta ce ita ba wannan Sumayyar ta sani ba, ta yi mako da makonni ba ta kallo, 'ya'yanta mata kuwa suka ce sabuwar ta fi shiga rai. Haka aka yi ta ce-ce-ku-ce da Daɗin Kowa ya koma Sabon Salo a Arewa24. Kai ma da ka sake ɗaukar Mujadala da sabbin yara bayan kusan shekara ashirin, ka ji abin da waɗanda suka kalli na farko suka riƙa faɗa, masu yabo da masu cewa da an bar shi yadda yake. A Amurka an farfaɗo da wani wasan keta zamani mai suna Quantum Leap a 2022, kusan shekara talatin bayan ƙarewarsa a 1993, ba tare da Scott Bakula da aka san wasan da shi ba. Tsofaffin masu kallo suka yi ta zuba ido ko zai leƙo, bai leƙo ba, aka rufe wasan a 2024 bayan zango biyu.

Masu Doctor Who sun yi wata dabara tun 1966 da ta kamata marubutanmu su yi nazari. Da rashin lafiya ya ci ƙarfin William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin jarumin, ba su ɗauko wani suka ce wa mutane ku ɗauka shi ne ba. Sun saka canjin a cikin labarin kansa: wannan baƙo idan jikinsa ya gaji yakan yi saɓa kamar maciji, ya fito da sabuwar fuska da sabon hali, amma tunaninsa na nan. Da wannan suka canza jarumi fiye da sau goma. Hakan bai hana surutu ba, an sha shi sosai a 2017 da aka ce mace, Jodie Whittaker, za ta karɓa. Sai dai mai kallo bai taɓa jin an raina masa hankali ba, an ba shi dalili, ya rage nasa ya karɓa ko ya ƙi. Mu kuwa sau da yawa sai dai mutum ya kunna ya tarar da baƙuwar fuska ana kiranta da sunan da ya sani.

Ni ban ga laifin sake ɗaukar tsohon labari ba. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Katsina, da labaran Larabawa da na Indiya da na Turawa ya gina Magana Jari Ce, ya sa musu riga da hula har suka zama namu, daga baya NTA Kaduna ta mai da shi wasan talabijin. Tatsuniya ma kowace kaka da yadda take juya ta. Abin da nake tsoro shi ne a farfaɗo da wasa alhali na asalin ba ya nan. Idan gobe wani ya ɗauko yaro ya sa masa kakin soja ya ce ga sabon Samanja, ɗan ƙanena da abokansa ba su da ma'aunin da za su gwada shi. Sabon ba zai zauna kusa da tsohon ba, zai zauna a kan kujerarsa ne, kuma nan da shekara ashirin shi za a sani a matsayin Samanja. Yaran nan sun iya yi wa wasan Ingila alƙalanci tsakanin 1967 da yau, amma ba za su iya yi wa na Kaduna ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai.

Akwatin da ke mai da mutum baya ƙirƙira ce ta marubuta, amma kaset ɗin nan da ke ruɓewa su ne abin da ya fi kusa da shi a hannunmu. A cikinsu akwai Hausar 1980 yadda ake furta ta kafin waya ta zo, akwai ɗinkin riguna da ɗaurin ɗankwali na lokacin, akwai yadda ɗa ke durƙusa wa uba, akwai cinikin kasuwa da sule da kwabo, akwai titunan Kaduna da Kano da Sakkwato kafin a rushe abin da aka rushe. Dattawanmu na nan ƙasar Katsina har yanzu suna ba da labarin Baban Larai, fim ɗin noman auduga da motar majigi ke yawo da shi ƙauye-ƙauye a zamanin Turawa. Ni malami ne. Na san darasin tarihi na awa guda ba ya yin abin da minti goma na irin wannan hoto zai yi a kan yaro.

Lokaci kuwa ba ya jira. Kasimu Yero ya rasu a 2017. Usman Baba Pategi, Samanja, ya bi shi a Nuwamban 2023. Abdullahi Shu'aibu Karkuzu ya rasu a Jos a Maris ɗin 2025. Allah ya jiƙansu da rahama. Kowannensu ya tafi da abin da ba a rubuta ba: wace shekara aka fara, wa ya ƙirƙiro wane hali, a wane gida aka ɗauka. Su ma kaset ɗin suna da ajali. Zafi da laima na sa zarensu ya yi danƙo ya manne, faifan fim idan ya fara warin tsami ya kama hanyar lalacewa, injinan U-matic da Betacam an daina ƙera su, na VHS ma kamfani na ƙarshe da ke yin su a Japan ya tsaya a 2016. Wannan ya shafi har zamaninku, daga Turmin Danya na 1990 zuwa fina-finan da suka fito da kai. Ina so ka tambayi kanka fina-finanka nawa na farko-farko kake da kwafinsu mai kyau a yau.

Na san za a ce tashoshin talabijin ba a ƙarƙashinka suke ba, NTA tana wata ma'aikata, ARTV ta gwamnatin Kano ce, KTTV ta Katsina, PRTV ta Filato. Gaskiya ne. Amma Philip Morris ba shi da iko a kan kowace tasha a Nijeriya, ƙofa ya ƙwanƙwasa aka buɗe masa. Kai kuwa babu ƙofar gidan talabijin a Arewa da za ka ƙwanƙwasa a bar ka a tsaye, kuma Ministar da hukumarka ke ƙarƙashinta, Hajiya Hannatu Musawa, 'yar jiharmu ta Katsina ce.

Roƙona na farko ba ya cin kuɗi mai yawa: a yi ƙidaya. Ka tura ɗaliban nan masu koyon adana fim, biyu-biyu ko uku-uku, su shiga ɗakunan ajiya na Kaduna da Kano da Sakkwato da Katsina da Jos da Maiduguri, su rubuta abin da ke kan kowace kanta da halin da yake ciki, tare da tsofaffin ma'aikatan da suka san rubutun jikin kowane kaset tun suna da rai. A buga sakamakon kowa ya gani, wanda ya tsira da wanda ya tafi. Ko da labarin ya zo da ɗaci, gara mu sani. Sannan ka yi shela da bakinka a rediyo, don muryarka ake ji: duk wanda ke da tsohon kaset a adaka ko a ƙarƙashin gado, wanda mahaifinsa ya ɗauka daga talabijin a wancan lokaci, ya kawo a kwafa a mayar masa da abinsa. A Ingila ma wasu ɓatattun a hannun mutane aka same su. Idan an zo sayarwa ko nunawa, a tuna da iyalan waɗanda suka yi wasan, da yawansu sun bar marayu ba su bar dukiya ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna a matsayina na mutumin ƙauye. Shaihu Umar an gyara shi, mutanen Balin sun kalla, amma ni ban san mutum ɗaya a Kuki ko Kurfi da ya gan shi ba. Kada a kuɓutar da waɗannan wasanni daga ɗaki mai yoyo a kulle su a ɗaki mai sanyi. Yaranmu a shagon cajin waya suke karɓar kallo, a tura musu a katin waya kan kuɗi kaɗan. A ba masu turin nan kwafi mai kyau ta halastacciyar hanya. A ba tashoshi su sake nunawa, da shekara da sunayen 'yan wasa a rubuce. A kuma dawo da motar majigi ko da sau ɗaya a shekara. Ka san halin tsaro da yankinmu ke ciki, taron dare ya yi wuya, amma muna da aji mai tagogin da za a rufe da rana, muna da farin bango.

In Allah ya sa aka samo ko da kashi ɗaya cikakke na Samanja, daga farko har ƙarshe, ina roƙon a sa Dutsin-Ma cikin wuraren da za a fara kai shi. Zan kawo ɗalibaina, zan kawo yaran nan uku su zauna a gaba, su kalla su yanke nasu hukuncin.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin firamare,
Kuki, ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, Jihar Katsina.